Ƙofa ko Rijiya: Me Ya Kamata Mu Fara Gyarawa a Makarantunmu?



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ɗaukaka darajar ilimi da ma'abotansa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana matasa, a wannan karon ina so mu ɗan jingine manyan mas'alolin da muka saba tafka muhawara a kansu, mu yi magana a kan bulo da kwano, da ruwan sha, da masai, da inuwar bishiya. Na san wani zai ce wannan ai aikin magina ne da 'yan kwangila, ina ruwan mai neman sanin addini da shi? To, abin da nake so in nuna shi ne, duk sa'ad da al'umma ta tara kuɗi domin gyaran makarantar 'ya'yanta, tambayar me za a fara da shi, me kuma za a jinkirta, tambaya ce ta fiƙihu tun kafin ta isa hannun injiniya. Kuɗin amana ne, yaran da za su amfana ba su da bakin magana a wurin taro, kuma Allah (SWT) zai tambaye mu yadda muka jera abubuwan.

YADDA MAGANAR TA TASO

Makarantar da na yi firamare tana wani gari a cikin Ƙaramar Hukumar Gwandu, a Jihar Kebbi. Kamar makarantu da yawa a ƙasarmu, da safe ana karatun boko a cikinta, da la'asar kuma 'yan Islamiyya su gaji azuzuwan. Ke nan ginin ba ya hutawa sai dare. Mu tsofaffin ɗalibanta mun watsu, wasu na Birnin Kebbi, wasu Sakkwato, wasu Abuja da Legas, amma zauren WhatsApp ya sake haɗa mu. Da aka fara turo hotunan yadda makarantar ta koma, sai zukata suka motsa, aka yi shawarar karo-karo. Muka haɗu a gida bayan Ƙaramar Salla, aka kafa kwamiti tare da hedimasta da limamin gari da wakilan iyaye maza da mata, ni kuma aka ɗora mini rubuta bayanan taro.

Tun a zaman farko ra'ayi ya rabu. Mafi yawan matasa suna son a ja katanga ta gefen titi, a yi babbar ƙofa ta ƙarfe, a shafe gaban makaranta da fenti, domin duk wanda ya gifta ya san cewa makarantar nan tana da 'ya'ya. Wani dattijo attajiri, wanda mahaifinsa ne ya bayar da filin da aka gina makarantar tun asali, ya yi alkawarin kaso mafi tsoka, da fatan a rubuta sunan marigayin a saman ƙofar. Babu wanda ya ga laifinsa, domin ɗa ne yake son a riƙa tunawa da ubansa da alheri. Sai dai kuɗin da ke hannu, ko an haɗa da nasa, ba za su ɗauki ƙofa da katanga su kuma bar wani abin kirki ba. Nan ne hedimasta ya ce, "Kafin ku yanke shawara, ku zo ranar da yara suke nan, ku wuni tare da mu." Muka yarda, tun da Hausawa sun ce gani ya kori ji.

ABIN DA MUKA GANI

Da aka dawo daga hutu muka je, ana tsakiyar bazara, lokacin da zafi a wannan yanki yake haura maki 40 a ma'auni. Azuzuwa biyu iska ta yaye kwanonsu tun daminar da ta wuce, an cusa yaransu a cikin sauran, har wasu suna zaune a bakin ƙofa ba sa ganin allo. Da muka ɗaga kai muka ga gara ta ci katakon rufin wasu azuzuwan, ma'ana iskar farkon damina mai zuwa tana da sauran aiki. Inda babu silin kuwa, kafin azahar ɗakin ya zama tanda. Malami ya so ya fito da yara waje, amma bishiya ɗaya ce a duk filin, wani tsohon dogon yaro, aji uku suna rububin inuwarsa.

Da aka tashi tara, sai muka ga yara sun ɗauki robobi sun nufi titi. Babu ruwa a makarantar. Rijiyar unguwa ce a tsallaken hanya, ƙanana 'yan aji ɗaya suna ratsawa a tsakanin babura. Hedimasta ya ce da yawa daga can gida suke zarcewa. Da yamma kuma muka zauna muka ji 'yan Islamiyya suna biya babin tsarki a cikin Ahalari da Ishmawi, alhali kuwa babu ruwan da za su cika buta su gwada alwalar da ake koya musu.

Masai ɗaya ne, shi ma ya rufta. Yara maza suna kewayawa bayan azuzuwa. Maganar 'yan mata kuwa ba a yi ta a gabanmu ba. Wata malama ce ta ja iyaye matan da ke cikin kwamiti gefe, su kuma suka isar mana cikin sakaya. 'Yan aji biyar da shida, waɗanda suka fara girma, idan lalura ta kama su sai gida, kuma a kowane wata akwai kwanakin da ba a ganin wasunsu gaba ɗaya. Akwai iyayen da suka cire 'ya'yansu, ba don suna ƙin karatu ba, sai don ba su yarda budurwa ta wuni a inda babu makewayi ba. Wane uba ne a cikinmu zai ce sun yi laifi?

A ƙarshe maigadi, wanda ba wanda ya yi tunanin tambayarsa, ya zagaya da mu ya nuna mana inda iyakar filin take a da. Gonar maƙwabta tana ɗan matsowa kunya ɗaya, kunya biyu a kowace damina, kuma babu takardar da za a ɗauko a ce ga iyaka.

Duk waɗannan babu wanda ya fito a hotunan da aka riƙa turo mana, saboda hotunan daga bakin titi aka ɗauke su.

MIZANIN DA MALAMAI SUKA BAR MANA

Malaman usulul fiƙihi, irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi mai littafin Muwafaƙat, sun kasa maslahar bayi gida uku. Akwai larurori, waɗanda idan aka rasa su rayuwa take ɓaci, kuma su ne kiyaye addini da rai da hankali da zuri'a da dukiya. Akwai buƙatu, waɗanda rashinsu yake jawo ƙunci da wahala ko da bai halaka ba. Sannan akwai abubuwan kyautatawa da ƙawa. Ƙa'idar ita ce, idan suka yi karo, kuma ba za a iya haɗa su ba, na sama ake gabatarwa.

Malaman nan ba a kan makarantarmu suka yi magana ba, aron mizaninsu muka yi muka ɗora abin da muka gani. Rufin da zai iya faɗowa a kan yara, da titin da ƙanana suke tsallakawa neman ruwa, da bahaya a fili wadda take kawo amai da gudawa idan ruwa ya sauka, duk suna taɓa rai. Yarinyar da ta bar karatu saboda rashin makewayi, an taɓa hankalinta da addininta, domin a nan ne za ta koyi yadda za ta bauta wa Ubangijinta. Filin da ake ci da kaɗan-kaɗan dukiyar al'umma ce. Benci da silin da inuwa suna cikin buƙatu. Fenti da ƙofa mai ado suna gida na uku. Halal ne, suna da kyau, Musulunci ma yana son kyau, amma ba a sayen hula alhali babu wando.

Akwai wani abu da ya ƙara tsorata ni. Ya tabbata a cikin Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya yi kashedi a kan biyan buƙata a hanyar mutane ko a inuwarsu, saboda abu ne mai jawo tsinuwa. Idan muka tara ɗaruruwan yara tun safe har yamma, muka bar su babu masai, mu ne muka tilasta musu aikata abin da muke karantar da su cewa an hana. Alƙalami bai hau kan yaro ba tukuna, to a kan wa nauyin zai sauka?

Game da 'yan mata kuwa, mu mutanen wannan ƙasa ba mu da uzuri. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Nurul Albabi, ya yi kakkausar suka ga malaman da suke karantar da ɗaliban waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis suke kai karatu ga mata har ƙauyuka. Muna ambaton wannan tarihi da alfahari a wuraren lacca. Idan har ɗaki huɗu na masai masu ƙyaure ne suke tsakanin 'yar ƙauyenmu da kammala firamare, to a nan ne za a gane ko gadon ya iso hannunmu ko a baki ya tsaya.

HUJJAR MASU SON KATANGA

Adalci ne in kawo hujjar 'yan'uwan da suka dage a kan katanga, domin ba duka ne ado ya ja su ba. Babu ɗan Jihar Kebbi da ya manta abin da ya faru a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021, ranar da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malamai, kuma abin da ya auku a makarantar 'yan mata ta Maga, a Ƙaramar Hukumar Danko-Wasagu, a watan Nuwamba na 2025, ya sake fama wannan miki. Wani ma ya tuna mana cewa bayan Shehu da jama'arsa sun sauka a Gwandu a 1805, Muhammadu Bello ya fara gina ganuwar garin a 1806, ke nan magabata ma da kariya suka fara.

Wannan gaskiya ne, kuma yana ƙarfafa mizanin ne. A wancan lokaci hari ake kawowa garin, saboda haka ganuwa ita ce larura. Abin tambaya shi ne, katangar da kuɗinmu za su iya yi, wadda za ta rufe gefe ɗaya ta bar uku a buɗe, daga me za ta kare yaran? Ba za ta tare ɗan bindiga ba. Wannan nauyi ne na hukuma da jami'an tsaro, kuma wajibi ne mu ci gaba da neman su sauke shi. Abin da shinge yake iya yi wa makarantar jeka-ka-dawo irin tamu shi ne ya hana dabbobi, ya hana masu babura ratsa fili, ya tsayar da iyaka. Waɗannan kuwa ana iya samunsu da takardar fili, da turaku na siminti a kusurwoyi, da shingen lalle da sauran itatuwa, a kan ɗan abin da bai kai kuɗin ƙofar ƙarfe ba. Katangar bulo ta zo daga baya, ta zagaye filin duka.

"AI A ƘASA MAGABATA SUKA YI KARATU"

Akwai kuma masu ja ta ɗaya gefen, masu cewa duk wannan ɓata kuɗi ne. Suna cewa Shehu Abdullahi Ɗanfodiyo, mai tafsirin Liya'ut Ta'awili da littafin Liya'ul Hukkami, wanda ya rasu a 1829 kuma hubbarensa yake nan cikin garin Gwandu, a wane bene ya yi karatu? Ashe ba a kan buzu da tabarma aka fitar da irinsu ba?

Haka ne, kuma lallai gini ba ya karantar da kowa. Amma a duba da kyau. Zauren malami na ƙasa ne mai kauri, yana riƙe sanyi da rana. Akwai randa a gefe, akwai rijiya da makewayi a cikin gida, ɗalibai kuma ba su fi a ƙirga ba. Masallacin Annabi (SAW) a Madina da tubali aka gina shi, ginshiƙansa kututturan dabino, rufinsa ganyen dabino, amma duk da wannan sauƙi an keɓe wuri mai rumfa, wato Suffa, inda baƙi da matalautan sahabbai suke zama suna ɗaukar ilimi. Ashe sauƙin magabata bai taɓa rasa inuwa da ruwa da sutura ba. Mu ne muka ɗauki yara ɗari da wani abu muka zuba a ƙarƙashin kwano a tsakiyar fako, sannan muka ce muna koyi da zuhudunsu.

DARASIN DA NA SAMO A KALGO

Da ra'ayi ya fara karkata zuwa ga ruwa, sai kwamiti ya tura ni Kalgo, domin wani abokina yana koyarwa a wata Islamiyyar al'umma a can, kuma mun ji sun riga mu shiga wannan harka. Kalgo da Gwandu duk ƙasar masarauta ɗaya ce, yanayinmu ɗaya, matsalolinmu kusan ɗaya.

Abin da ya ba ni labari ya fi abin da na je nema. Wani bawan Allah ya haƙa musu rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, aka ɗora tanki, aka yi walima, aka yi addu'a. Ba a daɗe ba injin ya tsaya. Mai kyauta yana ganin ya gama nasa. Malamai ba su da kuɗin gyara. Iyaye suna jiran mai kyauta. Tanki ya yi watanni a bushe yara suna wasa a ƙarƙashinsa. Da suka gaji, sai suka zauna suka yi tsari: aka gyara injin da karo-karo, aka ba mutum ɗaya amanar makulli, aka yarda cewa bayan an tashi makaranta 'yan garuwa da maƙwabta za su ɗiba su biya ɗan abu kaɗan, kuɗin kuma su shiga asusun da ba a taɓa shi sai domin gyara. Ya ce tun daga nan, idan abu ya lalace, a cikin mako ake kiran mai gyara.

Ina jin wannan sai na tuna da asalin waƙafi a Musulunci. Da Sayyidina Umar (RA) ya samu gona a Haibara ya nemi shawara, Annabi (SAW) ya nuna masa ya riƙe asalinta, ya yi sadaka da amfaninta. Hikimar ita ce alheri ya kasance yana da abin da zai ciyar da shi bayan mai shi ya tafi. Muna yawan ambaton sadaka mai gudana, amma famfon da ya ƙafe ya daina gudana, a zahiri da kuma a ma'ana. Wanda ya sa kuɗin gyara a cikin lissafinsa tun farko ya fi fahimtar hadisin.

A hanyar dawowa na bi ta gefen mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Na ce a raina, yaran da muke fata su shiga nan gobe, su ne yau suke tsallaka titi da robobi. Na kuma tuna cewa babban wuri irin wannan ba a aza masa bulo sai an zana filin duka a takarda. Me zai hana ƙaramar makaranta ta yi haka? Tun ran gini tun ran zane.

ZAMANMU DA ALHAJI

Saura magana mafi nauyi, wato yadda za a shaida wa dattijon nan cewa ƙofa ta koma baya. Liman ya hana a tayar da zancen a taro. Ya ce babba ba a juya masa ra'ayi a gaban yara. Bayan sallar isha'i muka bi shi gidan Alhaji, ni da hedimasta, muka zauna daga bakin zaure.

Liman bai ambaci riya ba, bai kuma yi wa'azi ba. Labari ya ba shi na Sa'adu ɗan Ubada (RA), wanda mahaifiyarsa ta rasu, ya zo ya tambayi Manzon Allah (SAW) wace sadaka ce ta fi, aka nuna masa shayar da ruwa, sai ya haƙa rijiya domin ta. Ya ƙara masa da labarin rijiyar Ruma, wadda Sayyidina Usmanu (RA) ya saya ya bar wa Musulmin Madina. Sannan hedimasta ya faɗi abin da muka gani, har da maganar 'yan mata.

Alhaji ya yi shiru, can ya ce, "Allah gafarta Malam, to sunan tsoho fa?"

Liman ya ce, "Alhaji, ai Sa'adu ma da bakinsa ya bayyana cewa rijiyar ta mahaifiyarsa ce. A rubuta sunan a jikin tanki. Mai wucewa ta ƙofa karantawa zai yi ya wuce, mai shan ruwa kuwa da ƙishi ya zo."

Alhaji ya ce, "Tsoho da hannunsa ya haƙa rijiyar ƙofar gidan nan, kuma ban taɓa ganin ya hana kowa ɗiba ba. A yi ruwan."

Mu matasa ya kamata mu ɗauki darasi biyu a nan. Na farko, gaskiya tana buƙatar ladabi kafin ta shiga. Na biyu, mu binciki zukatanmu: sau da yawa abin da yake jan mu zuwa ga fenti da ƙofa shi ne suna kyau a hoto, masai kuwa ba wanda yake son tsayawa a gabansa a ɗauke shi.

TSARIN DA MUKA TSAYA A KAI

Ga yadda muka jera aikin, ko Allah Zai sa ya amfani wasu:

1. Takarda kafin bulo. Muka nemi izinin hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, tun da makarantar ta gwamnati ce. Aka tara mai gari da maƙwabta aka tabbatar da iyaka, aka kafa turaku, kowa ya sa hannu. Wani ƙanenmu da ya karanta awon ƙasa ya zana filin kyauta, ya nuna inda kowane abu zai zauna, har da azuzuwan da ba mu da kuɗinsu yanzu da filin wasa.

2. Rufi kafin damina, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A canza katakon da gara ta ci, a shafa wa sabo magani, a ɗaure rufin da ƙarfe a jikin gini. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, saboda haka gefen gabas ya fi buƙatar ƙarfi.

3. Ruwa. A kira masu auna ƙasa su duba inda ruwa yake kafin a haƙa. A yi wurin alwala a gefen tanki, a ja ruwan da ya zuba zuwa gindin shuke-shuke.

4. Masai. Na mata daban, na maza daban, ƙofofinsu ba sa kallon juna, kowanne da ƙyaure mai sakata da wurin wanke hannu. A nisanta ramin da rijiya aƙalla mita 30, kuma ya kasance ta gangare. Malamanmu na Malikiyya sun sauƙaƙa game da fuskantar alƙibla a cikin gini, amma tun da sabon gini ne, liman ya ce a karkatar da shi a fita daga saɓani.

5. Itatuwa a watan Yuli, bayan ruwa ya zauna. Dogon yaro domin inuwa da tare iska, a ɗan nesa da bango saboda saiwa. Mangwaro da zogale kusa da ruwa. Kowane aji da nasa, a kewaye su da ƙaya saboda awaki. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi, kuma muna so yara su san wannan da hannunsu.

6. Asusun gyara. Kashi 10 cikin 100 na duk abin da ya shigo a ware shi, kuma a bi tsarin da na gano a Kalgo.

7. Lissafi a bayyane. Mutum uku ne suke sa hannu kafin kuɗi su fita, kowane saye da rasit, kuma a karanta lissafin bayan sallar Juma'a. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Rubutu ba zargi ba ne, kariya ce ga mai riƙon amana.

Sabbin azuzuwa sun fi ƙarfin karo-karonmu, kuma haƙƙi ne da yake kan gwamnati. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilimin matakin farko, jihohi kuma suna zuba nasu kason kafin su karɓa. Saboda haka muka rubuta takardar buƙata ta hannun kwamitin kula da makaranta, muka haɗa da zanen filin. Taimakon al'umma ba ya sauke wa hukuma nauyinta.

Zuwa yanzu, Alhamdu lillahi, rufi ya hau, ruwa yana zuba, masai ya kammala, kuma yashi da duwatsun aikin duk da gayya aka kwaso su. Cikin itatuwan da aka dasa awaki sun ci wasu, an sake dasawa. Malamar nan ta aiko mana cewa wasu daga cikin 'yan matan da aka cire sun dawo. Ƙofa kuwa tana nan a cikin zane, tana jiran lokacinta.

KAMMALAWA

Ya ɗan'uwana matashi, ya 'yar'uwata, kowannenmu akwai makarantar da ta koya masa baƙi da wasali, ko ta allo, ko Islamiyya, ko firamare. Ina roƙonka idan ka je gida hutu, ka ware wuni ɗaya ka shiga cikinta lokacin da yara suke nan. Kada ka tsaya a ofishin hedimasta. Ka nemi ruwa ka sha, ka tambayi inda ake kewayawa, ka ɗaga kai ka dubi rufi, ka zauna a aji da tsakar rana. Ka saurari maigadi, ka sa a tambayo malamai mata abin da ba za su faɗa a gabanka ba. Sannan ka rubuta abin da ka gani, ka jera shi a kan mizanin larura da buƙata da ƙawa, ka kai wa manya cikin ladabi.

Idan ba ka da kuɗi, kana da abin bayarwa. Wanda ya karanta gini ko awon ƙasa a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru ko wata makaranta, ya zana fili. Wanda ya karanta lissafin kuɗi, ya riƙe littafi. Mai ƙarfi ya ɗauki yashi, mai iya rubutu ya rubuta takarda zuwa hukuma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya gafarta wa malamanmu da iyayenmu da duk wanda ya bayar da fili ko ya dasa itace domin masu neman ilimi. Allah Ya tsare makarantunmu da 'ya'yanmu daga sharrin azzalumai, Ya ba mu ikhlasi a cikin abin da mutane suke gani da wanda ba sa gani, Ya sa mu cika da imani. Amin.